Jirgin Ƙasa Mai Tsananin Gudu Ko Mai Matsakaicin Gudu: Wanne Ya Dace Da Mu?



An umarce ni in yi tsokaci kan maganar jirgin ƙasa mai tsananin gudu da ake ta yi a ƙasar nan. To, jama'a, jirgin fasinja na zamani iri biyu ne. Akwai mai gudun kilomita 300 ko fiye a awa ɗaya, akwai kuma mai matsakaicin gudu, kamar kilomita 150.

Bari mu duba kuɗin. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 186, ya ci kusan dala miliyan 870, wato ƙasa da miliyan 5 kowace kilomita. Na Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, kilomita 203, an ƙiyasta shi dala biliyan 1.2. Duka biyun masu matsakaicin gudu ne. Amma ƙasar Maroko, wadda ta buɗe layinta mai gudun kilomita 320 tsakanin Tanja da Kenitra a 2018, ta kashe fiye da dala biliyan 2 a kan tazarar kusan kilomita 200. Indunusiya kuwa ta kashe sama da biliyan 7 a kan layin kilomita 142 kacal da ta buɗe a 2023.

Dalilin tsadar a fili yake. Jirgi mai irin wannan gudu yana son hanya miƙaƙƙiya, da wutar lantarki mara yankewa, da shinge, da gadoji a duk mahaɗa. Ribar kuwa, daga Kaduna zuwa Kano, ba ta wuce ragin minti arba'in ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Jirgi mai tsananin gudu ba ya tsayawa a ƙananan garuruwa. Tsohon layin dogo da ya isa Kano a 1911 yana da tasha a Likoro da Gimi, kuma iyayenmu sun ci moriyarsu. Manomin rake a Makarfi da mai tumatir a Ikara da Kudan, jirgin da zai tsaya ya ɗauki kayansu suke buƙata. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Saboda haka ina ba da shawara ƙungiyarmu ta rubuta wa wakilanmu na majalisa, su nema mana tashar fasinja da ta kaya a wannan yanki.