Azaba Daidai da Zunubi: Wuta a Alƙalamin Marubutan Da



An nemi in yi magana a kan yadda marubutan Turai na ƙarnonin tsakiya suka siffanta wutar lahira. Tun da farko a raba hanya: abin da ya zo ta wahayi imani ne, ba a ɗora shi a sikeli ɗaya da ƙagen mawaƙi. Maganata a yau ta adabi ce, wato yadda ɗan Adam ke zama da alƙalami ya ce mai laifi kaza, azaba kaza ce ta dace da shi.

Al'adar tsohuwa ce. Tun ƙarni na 2 na Miladiyya akwai littafin da aka jingina wa Bitrus, almajirin Annabi Isa, wanda cikakken kwafinsa ya tsira cikin harshen Ge'ez na Habasha, inda aka rataye masu saɓo ta harsunansu. Gaɓar da ta yi laifi ita ke sha. Wannan ita ce dabara mafi sauƙi, kuma an daɗe a kanta.

Wajen shekarar 1149 wani malamin coci ɗan ƙasar Ailan mai suna Markus, yana zaune a Regensburg ta Jamus, ya rubuta labarin wani barde, Tundal, wanda ya faɗi sumamme kwana uku, mala'ika ya zagaya da ransa. Suka iso wata gada mai tsawo wadda faɗinta bai wuce tafin hannu ba, an kafe ta da ƙusoshi, ƙarƙashinta tafki cike da dodanni. Gadar ɓarayi ce. Mala'ika ya ce masa sai ya haye, kuma yana jan wata saniya marar horo, domin ya taɓa satar saniya a duniya. Tundal ya ce ai ya mayar wa mai ita. Aka ce masa, ka mayar ne da ka ga ba ta ɓoyuwa. Haka ya hau: in ya tsaya da ƙafarsa saniya ta faɗi, in saniya ta miƙe shi ya faɗi. A tsakiyar gadar ya yi kiciɓis da wani yana tahowa ɗauke da damin alkamar da ya sata. Babu wurin kaucewa, babu na juyawa, ƙafafu na zubar da jini, kowa na roƙon ɗan'uwansa ya ja baya. Ku lura, ba a ƙirƙiro wa ɓarawon nan wata azaba daga waje ba. Abin da ya sata shi aka miƙa masa aka ce riƙe.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Dante, mutumin Fulorans ta Italiya, wanda aka haifa a 1265 ya rasu a Rabenna a 1321. Doguwar waƙarsa babi 100 ce, 34 na farko a kan wuta. Ya tsara ta hawa tara, tana gangarawa ƙasa tana ƙuntata kamar mazurari. Masana na kiran ƙa'idarsa kontirafaso, abin da malamanmu ke cewa sakamako daga jinsin aiki yake.

Mutane da yawa na ɗaukar wannan a matsayin ƙisasi, ido da ido. Ni ban ga haka ba. Abin da Dante ke yi shi ne tuɓe wa zunubi riga a ga jikinsa. Mazinata guguwa ce ke wurgi da su ba hutu, domin a duniya ma sha'awa ce ta yi ta wurgi da su. Munafukai suna tafiya a hankali cikin alkyabbu masu walƙiyar zinariya a waje, ciki kuwa darma ce zalla. Duk wanda ya taɓa zama da mai fuska biyu ya san irin nauyin da yake ɗauke da shi, kullum yana lissafin abin da ya faɗa wa wane da wane. Masu fadanci suna tsundum cikin kashi, tunda shi bakinsu ya saba fitarwa. Bokaye da masu duba an murɗe musu wuya, fuska na kallon baya, suna tafiya da baya-baya, hawayensu na gangarawa ta gadon baya. Sun ce sai sun hango gaba, yanzu ko gabansu ba sa gani. Bertran de Born, mawaƙin da aka zarga da haɗa Sarki Henri na II na Ingila faɗa da ɗansa, yana tafe riƙe da kansa ta gashi. Ya raba uba da ɗa, an raba kansa da gangar jikinsa.

Ma'aikata masu cin hanci fa? An dulmuya su cikin tafasasshiyar kwalta, baƙa ƙirin mai danƙo, shaiɗanu na tsaye da ƙugiyoyi, duk wanda ya leƙo a caka masa. Sun saba ƙulla harka a duhu, kuɗi na manne musu a hannu. Abin dariya, laifin da abokan hamayyar Dante suka ɗora masa ke nan lokacin da suka kore shi daga garinsu a 1302, har da hukuncin ƙonewa in ya dawo.

Ku dubi jerin kuma. Zina da haɗama suna can sama, inda azaba ta fi sauƙi. Masu kisa suna tsakiya cikin kogin tafasasshen jini, kowa zurfinsa gwargwadon ɓarnarsa. Ƙarƙashinsu sai mayaudara, can ƙurya kuma maciya amana. A wurin Dante wanda ya cuce ka da hankalinsa ya fi wanda zuciya ta ɗebe shi muni, domin hankali shi ne abin da aka fifita mutum da shi. Kuma a hawa na tara babu harshen wuta ko ɗaya. Ƙanƙara ce, an daskarar da su a ciki, hawaye ma daskarewa yake a ido. Wanda ya ci amanar ɗan'uwa ko baƙonsa, zuciyarsa ta riga ta yi sanyi tun yana raye.

Na san da yawanku tun ɗazu hadisai ke faɗo muku a rai. A hadisin Samura ɗan Jundubi cikin Buhari an nuna maƙaryacin da ƙaryarsa ke yaɗuwa ta cika duniya, ana yage masa baki da ƙugiyar ƙarfe har ƙeya, da mai cin riba yana iyo a kogin jini, duk lokacin da ya nufi gaɓa a jefa masa dutse a baki. Abu Dawuda ya ruwaito masu faratan tagulla suna yagar fuskokinsu da ƙirazansu, su ne masu cin naman mutane. Wannan kamanni ya sa a 1919 wani malamin coci ɗan Sifen, Miguel Asín Palacios, ya ce Dante ya ɗebo daga labarin Mi'iraji. Italiyawa suka yi masa ca. Sai a 1949 aka buga wani littafin Mi'iraji da aka fassara zuwa Latin da Faransanci a fadar Sarki Alfonso na X wajen 1264, shekara guda kafin haihuwar Dante. Hanyar dai ta tabbata akwai ta. Ko ya bi ta, har yau ana gardama.

Inda hadisan da waƙar Dante suka rabu ya fi damuna. Ruwayoyin nan galibi siffar laifi suke nunawa ba tare da suna ba, don mai sauraro ya duba kansa. Dante kuwa sunaye ya jera, har da makwabta da abokan gabarsa na siyasa. Paparoma Bonifas na VIII, wanda yake ganin shi ne silar korarsa, yana da rai a shekarar 1300 da aka ɗora labarin a kanta, amma Dante ya riga ya tanadar masa rami cikin masu sayar da muƙaman coci, waɗanda aka kifa kai ƙasa tafin ƙafa na ci da wuta. A babi na 28 kuma ya yi ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɓatancin da ba zan maimaita ba a nan ko a wani wuri. Gwanintar da ta iya fallasa munafunci ita ce dai ta zama makamin ƙiyayya da jahilci. Gwanin mawaƙi ne, amma kujerar hukuncin da ya hau ba tasa ba ce.

Mu ma muna da namu. Waƙoƙin wa'azi na ajami irin su Jan Mari da Baƙin Mari cike suke da siffar wuta da mazaunanta, kuma Mervyn Hiskett ya tattauna wannan fanni a littafinsa na tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975. Ɗalibai masu neman abin rubuta kundi, ga aiki: ku ɗauko waƙoƙin nan, ku fitar da laifuffukan da suka fi nanatawa da azabar da suka haɗa kowanne da ita, ku bambance abin da ya zo daga nassi da abin da mawaƙi ya ƙara don mutanen zamaninsa. Ku nemi rubutun ajamin kansa a hannun masu shi, kada ku tsaya ga fassarar Turanci.