Waya Biyu Tsakanin Suwic Biyu



Tun da hukumar JAMB, mai hedikwata a Bwari, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, cibiyoyin jarrabawa suka yawaita daga Abuja har Keffi. Ɗauki cibiya mai kwamfuta 250. Suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci) mai kafa 48 ba zai ɗauke su ba, sai an jera kusan shida, kowanne da wayar da ke kai shi ga babban suwic, inda uwar garke take. A nan gizo ke saƙa. Ɗalibai arba'in da 'yan kai sun danna maɓalli lokaci guda, dukkansu kuma ta waya ɗaya mai gigabit 1 za su bi.

Sai mai gyara ya ce, to, a ƙara waya mana. Ya soka ta biyu, ya karkaɗe hannu. Idan Allah ya taimake shi, na'urorin suna da tsarin da Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, wanda zai toshe waya ɗaya, a zauna yadda ake. Idan kuwa suwic ɗin irin na araha ne da ba a iya saitawa, saƙonni za su shiga zagaye tsakanin na'urorin biyu ba tsayawa. Za ka ga fitilun kafofin duka suna ƙyaftawa tare, ɗaki kuma ya tsaya cak.

Abin da ake yi shi ne a shaida wa na'urorin biyu cewa wayoyin nan hanya ɗaya ce. Kamfanin Kalpana ne ya fara fito da dabarar da sunan EtherChannel, kafin Cisco ya saye shi a 1994. A 2000 ƙungiyar IEEE ta sa ƙa'idar bai ɗaya, 802.3ad, wadda ta koma 802.1AX a 2008. A ƙarƙashinta, tsarin LACP kan sa na'urorin su riƙa gaisawa duk daƙiƙa 1 ko duk daƙiƙa 30. An yi sallama uku babu amsa, sai a cire wayar daga ƙunshin, sauran su ci gaba da aiki. Ni a ganina wannan ma ya fi ƙarin faɗin hanyar daraja, a ƙasar da ɓera da zafi ke cin waya. Sharaɗi dai, gudun kafofin ya zama ɗaya, a kuma saita ɓangarorin biyu.

Amma kada a yaudare ku. Ku mutanen Uke kun san cunkoson Mararaba: an ƙara wa titi hannu, motoci da yawa za su wuce, amma tirela ɗaya ba ta bin hannu biyu. Suwic yana duba adireshin mai aikawa da na mai karɓa, ya ɗora hirarsu kan waya guda don kada saƙonni su iso a hargitse. Waya huɗu za su wadaci ɗalibai masu yawa, amma mai kwafe babban fayil guda gigabit 1 ɗin nan zai samu. Shi sai ya sayi kafa mai gigabit 10.

Wani ya tambaye ni kafin mu shigo wannan taro ko hakan zai ƙara masa ƙarfin intanet. A'a, Alhaji. Wannan gyaran cikin gida ne, abin da kamfanin sadarwa ya sayar maka shi za ka ci gaba da samu.