Tukunyar Iyayenmu Ba Ta Tsufa Ba: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Cikar Shekara



Uwar ƙungiya, shugabannin rassa, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, 'yan uwa da suka taso tun da sassafe daga Bebeji da Kiru da Tudun Wada, da na Doguwa da suka ratso dajin Falgore, da mazajenmu da suka rako mu suna can ƙarƙashin rumfa suna saurare: sannunku da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

Ma'aji ta karanta mana lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita. Mu 'yan kwamitin lafiya namu lissafin daban ne, kuma ba ya cikin littafi. Kowane reshe ya san matar da ta ɗauki adashe don ta ƙara jari, kuɗin ya ƙare a shagon magani. Kowane reshe ya san gidan da aka wayi gari ɓarin jikin uwa ko uba ya shanye, sana'a ta tsaya, 'yar da ke makaranta ta dawo jinya. Hawan jini da ciwon suga a da muna ce musu ciwon masu kuɗi, ciwon 'yan birni. Yau ga su a ƙauyukanmu, kuma da yawa ba sa sanin suna ɗauke da su sai an kwashe su ranga-ranga. To, wani ɓangare babba na wannan magana yana cikin tukunya, tukunya kuwa a hannunmu take.

Wasu daga cikin 'ya'yanmu masu riƙe da waya sun kawo mana tambaya. Sun ga mutane a Turai da Amurka sun bar nama gaba ɗaya, sun bar kifi da ƙwai da nono, har zuma, ba sa cin komai sai abin da ƙasa ta tsirar. Bigan suke kiran kansu, sunan da aka ƙirƙira a Ingila a 1944. Suna cewa sun rage ƙiba, jininsu ya sauka. 'Ya'yan namu suka ce, ko mu ma haka za mu yi?

Mun zauna mun tattauna, ga abin da muka tsayar. Akwai gaskiya a maganar, domin likitoci sun daɗe da ganin cewa mai yawan cin hatsi da wake da ganye da 'ya'yan itace, yana rage kitse da zaƙi da gishiri, ya fi samun sauƙin waɗannan cututtuka. Amma mu ba za mu haramta wa kanmu abin da Allah ya halatta ba. Za mu yi layya, za mu yanka ragon suna, kuma za mu ci. Sannan, tsakani da Allah, gida nawa ne a nan ake cin nama kullum? Mutumin da ya bar nama a Landan yawansa ne ya dame shi. Mu kuwa abin da ya canza a gidajenmu wani abu ne daban.

Ku tuna abin da kakanninmu ke ci. Tuwon dawa da miyar kuka da daddawar kalwa. Fate da rama da yakuwa. Dambu da zogale. Ɗan wake. Kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli. Kunun tsamiya da ƙosai. Cikin waɗannan duka ina nama? Sai ranar kasuwa ko ranar Sallah. Abin da Bature yake biyan kuɗi a koya masa yau, shi ne tsohuwa ke dafawa a murhu tun kafin a haife mu. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2016 don wake da danginsa, ta ware 2023 don gero da danginsa, saboda a tuna wa duniya darajarsu.

Abin da ya shigo ya ture su kun san shi. Taliyar leda da safe, farar shinkafa da mai da yaji da rana, burodi da shayi mai cokali huɗu na suga da dare, lemon kwalba a kowane biki. Ba mu ce guba ba ne. Amma abinci ne da aka cire masa ƙarfinsa, yana shiga ciki ya narke nan da nan ya zama suga a jini, bayan awa biyu yunwa ta dawo. Hatsin da ke da sauran dusarsa a hankali yake narkewa, shi ya sa manomin da ya ci tuwon dawa yake kai azahar a gona. Abin dariya, mu surfe masara fes, mu ba akuya dusar, ita ta yi ƙiba da sheƙi, mu mu ci farin. Ba mu ce a daina surfe ba, amma a sassauta hannu. Kuma 'yan uwanmu na Tudun Wada masu turara shinkafa, ku riƙe sana'arku da kyau: shinkafar da aka turara kafin a casa ta fi wadda ba a turara ba riƙe amfaninta, domin turarin yana tura shi cikin ƙwayar.

Yanzu bari mu daɗe kaɗan a kan wake, don shi ne naman talaka, kuma ba ƙasar da ta kai Najeriya noma shi a duniya. Abin da ke gina jiki a cikin nama, akwai shi a wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. A waken suya ya haura kashi ɗaya cikin uku. Hatsi yana da nasa, amma da giɓi, kuma abin da ya rasa shi ne wake yake da shi. Saboda haka garau-garau, da ɗan wake, da koko da ƙosai, haɗi ne mai ma'ana, ko da waɗanda suka fara shi ba su taɓa shiga aji ba. Ƙasarmu ta nan kudu tana ba da waken suya sosai, amma yawancinsa a buhu yake barin mu, ya tafi kamfanin mai da na abincin kaji. Muna roƙon kowane gida, kafin mota ta ɗauka, a ware na ci.

Awara tana da kyau ƙwarai. Asalinta daga ƙasar Sin ne, can sun fi shekara dubu suna cin ta, kuma ba kullum suke soya ta ba. Mu a nan sai mun tsoma ta a mai ta sha ta ƙoshi, wani lokaci man ma an soya da shi har ya yi baƙi. Ku gwada yanka ta cikin miyar alayyahu ko miyar taushe kamar tsokar nama. Yara za su yi gardama rana ta farko, rana ta uku su ne za su riƙa tsamo ta. Sai dai a kula, waken suya ba a cin sa da ɗanye-ɗanye, sai ya dahu ko ya soyu sosai, in ba haka ba yana hana cikin narkar da abinci.

Wani abu kuma game da wake da bai kamata mu yi shiru a kai ba: maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya ƙasashenta saboda yawan wannan magani. Su sun ƙi, mu muna ci. In za mu ƙara cin wake, to ya zama mai tsabta. Buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ake kira PICS, in an ɗaure shi da kyau iska ba ta shiga, ƙwarin su mutu da kansu ba tare da ɗigon magani ba. Jarka mai murfi ma tana yi. Haka gyaɗa da masara: duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, kada a ce a yi ƙuli da ita don kar a yi asara. Dafin da ke cikinta hanta yake ci, kuma wuta ba ta kashe shi.

Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a duk abin da zai ci tun safe har dare. To ku lissafa: gishirin miya, gishirin yaji, ga dunƙule, wanda shi kansa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne, ga na cikin ledar taliya. Mace ta jefa dunƙule biyar a tukunya ta kuma ƙara gishiri, ba don mugunta ba, sai don kada a ce miyarta lami. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce wajen tayar da jini. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka ja hankali a kan yawan kunun kanwa ga mai jego da ciwon zuciyar da ke biyo bayan haihuwa. Binciken baya ya nuna ba ita kaɗai ce sanadi ba, amma iyayenmu masu kula da jego, don Allah a rage hannu. Daddawa, albasa, citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari, su ne suka riƙe miyar Hausa kafin a san dunƙule. Harshe kuma yana sabo. In aka rage kaɗan-kaɗan, cikin 'yan makonni mai gida ba zai ma lura ba.

Ganye kuwa ba sai mun yi dogon bayani ba, ga shi a bayan ɗaki. Hukumar ta ce giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a yini. A busar da zogale da kuka da rama a inuwa, ba a rana ba. Lokacin mangwaro da gwaiba a bar yara su ci su more.

Yanzu ga inda muka rabu da masu barin nama gaba ɗaya, kuma muna so a ji wannan da kyau. Akwai sinadarin da ake kira bitamin B12, mai gina jini da jijiyoyi. Ba ya cikin dawa, ba ya cikin wake, ba ya cikin zogale. Daga dabba kawai ake samun sa: nono, ƙwai, kifi, nama, hanta. Su can ƙwayarsa suke saya su haɗiya. Mu kuwa ga kifin Tiga, dam ɗin da aka gina tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga nonon Fulanin da ke kewaye da mu, ga kajinmu a tsakar gida. Mai ciki, mai shayarwa, yaron da aka fara ba abinci bayan wata shida, budurwa mai tasowa, tsoho mai rauni: kada wanda ya hana su waɗannan da sunan neman lafiya. A garuruwanmu tamowa ba ta tafi ba, ƙarancin jini ga masu ciki bai tafi ba. Camfin nan na cewa yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, a bar shi haka nan. Kuma a raba musu shayi da abinci, domin ganyen shayi yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, lemon tsami da tumatir kuwa suna taimaka masa.

Ga masu yaye, garin kunun nan na haɗi yana da sauƙi: mudu 6 na gero ko dawa, mudu 3 na waken suya, mudu 1 na gyaɗa, a soya kowanne daban, a haɗa a niƙa. Reshen da ke da injin niƙa zai iya yin sa da yawa ya sayar wa membobi da rahusa, sana'a ce kuma taimako ne.

Mai shan maganin hawan jini ko na suga, kada ta ce ta koma cin ganye ta ajiye magani. Likita ne ya ɗora ki a kai, shi zai sauke ki. Mai ciwon ƙoda ma ta tambaya kafin ta canza abinci, don nata ƙa'idar daban ce.

Me ya sa muka kawo wannan magana gaban ƙungiya, ba mu bar kowa da tukunyarta ba? Saboda mun san gidajenmu. Mace ɗaya ba ta isa ta canza girki ita kaɗai ba. Ranar girkinta ta rage mai da dunƙule, gobe abokiyar zama ta cika, sai a ce wance ta fi iya miya. Uwar miji ta ce an fara yi wa ɗanta rowa. Ki yi biki ki ba da zoɓo marar suga da yawa maimakon lemon kwalba, a fita da ke a baki a unguwa. Kunya ce take ciyar da mu abin da ke cutar da mu. Amma in mata talatin a gari ɗaya suka yi shi tare, ya daina zama rowa, ya zama yayi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Don haka kwamiti yana neman amincewarku a kan abubuwa kaɗan. Kowane reshe ya sayi na'urar awon jini daga asusunsa, a koya wa mata biyu masu karatu, a riƙa aunawa ranar zubi kafin a buɗe littafi. Wadda nata ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, aka sake aunawa wata rana aka ga haka, a haɗa ta da 'yar rakiya zuwa asibiti, kada a bar ta da "sai na samu sarari". Da kaka, lokacin da wake da waken suya suke araha, a yi adashen hatsi, a saya tare a adana tare, a raba da bazara. Sannan duk taron da ƙungiya ta shirya, da sunan 'yar ƙungiya ko bikin 'yarta in ta yarda, abincinmu na gida za a dafa, abin sha kuma zoɓo ko kunun aya mai sauƙin zaƙi. Kwalbar lemo ta roba guda tana iya ɗauke da suga cokali goma, wa zai zuba wa baƙonsa haka a kofi yana kallo?

Iyayenmu tsofaffi, akwai aikinku a nan. 'Yan matan yanzu da yawa ba su iya daddawa ba, ba su san yadda ake dambun tsakin masara ya yi washar-washar ba. Muna so kowane wata a ba ɗaya daga cikinku rabin awa ta koya musu, a gaban murhu, ba a kan allo ba.

Ku kuma malamai da alhazai na ƙarƙashin rumfa, mun san kuna ji. In kun ga miya ta canza a 'yan kwanakin nan, kada ku ture kwano, ku ce sannu da aiki. Cefanen ma zai yi muku sauƙi.

Shugabannin rassa za su tsaya bayan azahar a tsayar da ranar fara awo. Abincin rana yana bayan rumfa: dambu da zogale daga Kiru, fate daga Doguwa, garau-garau daga Tudun Wada, miyar awara da ɗan kifin Tiga daga Bebeji. A fara zuba wa tsofaffi da masu goyo.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya mai da kowa gidanta lafiya. Wassalamu alaikum.