Kwana Biyar a Ƙafa a Gaɓar Tekun Indiya



An nemi mu yi bayani kan yadda mai ƙaramin albashi zai ga wani yanki na duniya ba tare da ya ci bashi ba. Mun zaɓi hanya ɗaya da muka bi da ƙafafunmu, jakar goyo a baya: gaɓar teku ta lardin Eastern Cape a Afirka ta Kudu, wadda ake kira Wild Coast. Daga garin Port St Johns, inda kogin Mzimvubu yake faɗawa Tekun Indiya, zuwa ƙauyen Coffee Bay, tafiyar kimanin kilomita 60 ce, kuma a kwana biyar ake yin ta.

Ba za mu ɓoye muku ba, kuɗin jirgi da biza su ne kan giwa, kuma adashin shekara guda ko biyu ne maganinsu. Amma da zarar an sauka Durban, sai nauyi ya ragu. Ƙananan motocin haya da talakawan ƙasar suke shiga su ne abin hawa. Akwai kuma masaukan matafiya inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin da mutane da yawa suke kwana, kowa ya dafa abincinsa a madafa ɗaya. Dogon hutunmu ya faɗo daidai, domin Yuli da Agusta lokacin sanyi ne a can, ruwan sama ya yi sauƙi, kuma ruwan ɗumi da ke gangarowa ta gefen gaɓar yana hana sanyin tsananta.

A kan hanyar kanta ba a buƙatar neman otal. Ɗan jagora daga mutanen yankin shi ke gaba, kuma kowane dare a gidan wasu iyalin ƙauye ake sauka, cikin ɗaki zagayayye mai rufin ciyawa wanda Bahaushe zai ɗauka kagon kakarsa ne. Tuwon masara da dafaffen masara haɗe da wake su ne cimar. Wanda yake da shakka kan yanka ya faɗa wa jagora tun farko, a ba shi kifi da wake, ba wanda zai ga laifinsa. Shanu kuwa har bakin ruwa suke kwanciya a kan yashi, abin da ya sa wani abokin tafiyarmu ya ce saura kawai ya ga Bafulatani da sanda.

Abin da ya fi ƙarfin kuɗi da dabara shi ne teku. Sau biyu a yini take cika ta janye, kuma hanyar tana ƙetare bakin koguna irin su Mngazana da Mthatha. Wasu a ƙaramin jirgin ruwa ake haye su a biya mai jirgi, wasu kuma da ƙafa idan ruwa ya janye. Wanda ya yi gaggawa ya shiga lokacin da ruwa ke komawa teku da ƙarfi, yana iya rasa ransa. Mu da yawancinmu ba mu iya iyo ba, maganar jagora ita ce doka. Wanka a teku kuma, musamman a Port St Johns inda kifin shak ya sha kashe mutane, mun bar wa masu shi.

Ya kamata mu san dalilin da ya sa wurin ya yi araha, ya kuma zauna babu manyan gine-gine. Wannan yanki shi ne tsohon Transkei, inda gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa masu jin harshen Xhosa, ta ba shi 'yancin jeka-na-yi-ka a 1976, har aka mayar da shi cikin ƙasa a 1994. Rashin tituna da masana'antu da ya talauta mutanen shi ne ya bar gaɓar da kyanta. Saboda haka kuɗin kwana da na haye kogi da matafiyi yake biya, kai tsaye hannun magidanta da matan gida yake shiga, kuma a ganinmu cinikin ƙwaƙwa da irin waɗannan mutane rashin kunya ne. A rage kashe kuɗi a Durban, a biya ƙauye abin da ya faɗa. Arewa da wannan hanya, mutanen Xolobeni sun shafe shekaru suna ƙin a haƙa ma'adinai a yashin gaɓarsu. An kashe ɗaya daga cikin jagororinsu, Sikhosiphi Rhadebe, a 2016, kuma a 2018 kotu ta yanke cewa sai da yardarsu za a ba da izinin haƙar.

Wanda ya isa Coffee Bay da sauran ƙarfi a gwiwa, ya ƙara 'yan kilomitoci zuwa Hole in the Wall, wani dutse a cikin teku da igiyar ruwa ta huda masa ƙofa. A hanyar dawowa ta Mthatha kuma, ƙauyen Qunu inda aka binne Nelson Mandela a 2013 ba shi da nisa.