Jinya Bayan Aikin Tumbi Mai Hawa Ƙirji

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa



Kowa ya san ƙaba irin wadda ke fitowa a matsematsi. To, akwai wata iri da ba a ganinta da ido. Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani shamaki na tsoka. A jikinsa akwai ƙofa wadda hanyar abinci ke bi ta sauka cikin tumbi. Idan ƙofar nan ta saki, sai saman tumbi ya kutsa cikin ƙirji. Mai wannan ciwo yana fama da ƙwannafi da gyatsa mai tsami, musamman in ya kwanta bayan cin tuwon dare.

Yawancin masu ita magani ya ishe su. Kaɗan ne ake yi wa aiki. Likita yakan jawo tumbin ƙasa, ya tsuke ƙofar, ya naɗe saman tumbin a jikin hanyar abinci. Wani likita Bajamushe, Rudolf Nissen, shi ya bayyana wannan dabara a 1956. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, aka fara yin ta da na'ura ta 'yan ƙananan huji a ƙasar Beljiyam. Aiki ne na manyan asibitoci. Daga wannan yanki akan tura mutum Kano.

Babbar magana ita ce abinci. Wurin da aka ɗinke yakan kumbura, haɗiya ta yi wuya na 'yan makonni. Wannan ba abin tsoro ba ne. A kwanakin farko mai jinya ya sha koko, kunu mai ruwa-ruwa da romo. Daga nan a ba shi fura da aka dama sosai, faten kabewa, sai tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta kuɓewa. Santsin miyar yana taimakon haɗiya. Ya riƙa cin kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini, yana zaune sosai, yana tauna a hankali. Tsire, kilishi, burodi da dambu su jira sai likita ya yarda, domin suna iya maƙalewa.

A nan 'yan dubiya kan yi ɓarna da kyakkyawar niyya. Sai su zo da lemon kwalba. Kada a ba shi. Bayan wannan aiki gyatsa takan yi wuya, iskar lemon kuwa sai ta cika masa ciki. Kada kuma ya kwanta sai an yi kamar awa uku da cin abinci. Maganar azumi, a tambayi likita tukuna.

Sai aikin ƙarfi. Tafiya a tsakar gida tana da amfani tun kwanakin farko. Amma ɗaukar buhu, huɗa, faskare, jan guga da daka, a bar su har kamar mako shida. Yunƙuri na iya warware ɗinkin ciki ko da na waje ya warke. Manomin da likita ya ba shi zaɓin lokaci, gara ya nemi a yi masa bayan an kai amfanin gona gida, don ya samu ƙarfi kafin damina. Mace kuma a samo mata mai taya ta ɗebo ruwa da goyo.

Kada a shafa wa ɗinki toka, man shanu ko maganin gargajiya. A bar shi a bushe, cikin tsabta.

Idan aka ga zazzaɓi, amai mai yawa, mugunya a ɗinki, ciwon ƙirji mai tsanani, wahalar numfashi, ko mutum ya kasa haɗiye ruwa, kada a jira ranar kasuwa don samun mota. A kai shi babban asibitin Kazaure ko na Babura a ranar, tare da takardar sallamar da aka ba shi.