Aikin Fari a Doha da Irin Manajojin da Za Mu Zama



 An nemi mu yi magana a kan aikin farko da mutum yake samu a ƙasar waje, da yadda yake tasiri a rayuwarsa ranar da ya zama manaja. Da yawa daga cikinmu suna dab da kammala karatu, wasu kuma sun riga sun karɓi albashin fari a nan Doha. Abin da muke so mu tsaya a kai guda ɗaya ne: a aikin farko ne mutum yake koyon abin da zai riƙa ɗauka daidai ne har ƙarshen aikinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. Alhaji Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji wajen 1877, tun yana saurayi ya bi ayarin fataken Gonja har ya isa Akara, inda mahaifiyarsa take zaune. A can ya ɗanɗani neman na kai a baƙon wuri, kuma a can ya san bakin teku. Da ya shiga fataucin goro sosai, sai ya riƙa ɗora kayansa a jirgin ruwa zuwa Legas, alhali mafi yawan fatake suna shafe watanni a hanya da jakuna. Da jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga zuwa Kano a 1912, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya tarar da shi a shirye: ya san awo, ya san lissafi, ya san mu'amala da kamfanonin Turawa. A 1929, da aka buɗe banki a Kano, a kan raƙuma ashirin aka kai kuɗinsa. Amma mu lura, dabarar waje kaɗai ba ta kai shi nan ba. Ya san manoma da dillalan ƙauye, ya san wanda za a ba jari a kwana da kwanciyar hankali. Ya haɗa abin da ya gano a tafiya da abin da ya sani na gida.

To, mu me Doha take koya mana?

Na farko, tana koya mana cewa albashi hakki ne, ba alfarma ba. Tun 2015 Ƙatar ta wajabta wa kamfanoni biyan ma'aikata ta banki, yadda hukuma za ta iya ganin wanda ya biya da wanda ya yi jinkiri. A wannan shekarar ce kuma, a Najeriya, sai da Gwamnatin Tarayya ta ba jihohi da yawa tallafin ceto domin su biya bashin albashin watanni. Matashin da ya saba ganin kuɗinsa ranar da aka yi alkawari, idan ya zama manajan masana'anta a Sharaɗa ko Bompai, ko babban sakatare a Katsina, zai ji nauyin kallon idon lebura ya ce masa a yi haƙuri sai wata mai zuwa. Wannan nauyin da yake ji shi ne ribar zamansa a waje.

Na biyu, tana koya mana cewa komai a rubuce yake. Taro yana da lokacin farawa, aiki yana da ranar miƙawa, kuskure yana da takardar da za a bi a gano inda ya samo asali. Ko zafin rana an yi masa doka: daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, ba a aiki a fili tsakanin ƙarfe 10 na safe da 3:30 na yamma. Mu da muka san ranar Sakkwato da ta Maraɗi, ya kamata mu tambayi kanmu me ya sa ba a yi wa magina da masu aikin titi irin wannan tanadi a gida.

Sai dai akwai darasi na uku, wanda yake shiga jiki ba tare da sallama ba, kuma shi ne muke jin tsoro. Mafi yawan mazauna wannan ƙasa baƙi ne, kuma kowa a cikinmu ya ga yadda fasfo yake iya rinjayar takardar shaida wajen albashi da matsayi. Shekaru da dama tsarin kafala ya ɗaure ma'aikaci a hannun wanda ya kawo shi. An yi gyara: Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta buɗe ofis a Doha a 2018, a 2020 aka soke sharaɗin neman izinin ubangida kafin sauya aiki, a 2021 kuma mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 ya fara aiki, ban da 500 na muhalli da 300 na abinci idan kamfani bai samar da su ba. Amma doka takan riga ɗabi'a sauyawa. Wanda ya fara aiki a wurin da na ƙasa ba ya ɗaga murya, yana iya komawa gida da zaton shirun ma'aikata alamar iya shugabanci ce. Wanda aka auna shi da fasfonsa, yana iya auna wasu da jiharsu ko ƙabilarsu ko gidan da suka fito. Wanda aka danne kuwa, idan bai yi hattara ba, ranar da ya samu kujera sai ya rama a kan waɗanda ba su san hawa ba balle sauka.

Akwai kuma cutar da ke kama masu komawa, wato "a can Doha ba haka ake yi ba". Tsarin nan yana tafiya ne a kan wutar lantarki da ba ta ɗaukewa da kuma arzikin iskar gas na Ras Laffan, ga jama'a kimanin miliyan uku kacal, waɗanda ba su kai ko rubu'in mutanen Jihar Kano ba. Manajan da ya koma yana jiran irin wannan shimfiɗa, zai gaji cikin shekara guda, ya tattara ya dawo yana zagin gida. Alhali gida na buƙatarsa. Bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, amfaninsa ga Arewa ya rataya ne a kan masu iya tafiyar da masana'antu. Masaƙun Kakuri da suka mutu ba injuna kaɗai suke jira ba, suna jiran mutane.

Saboda haka, ga shawararmu ga ƙannenmu masu shirin karɓar aikin fari. Kada yawan albashi ya rufe mana ido, mu fara bincika wane ne zai zama shugabanmu, domin halinsa za mu kwaikwaya ko muna so ko ba ma so. Mu nemi aikin da za a damƙa mana amanar kuɗi da ta mutane, ko da ƙarami ne, maimakon babban suna marar nauyi. Mu riƙa rubuta abin da aka yi mana ya yi mana daɗi da abin da ya ƙona mana rai, domin na farko mu yi wa wasu, na biyu mu kare su daga gare shi. Mu san sunan direba da mai shara a wurin aikinmu. Kuma kada mu yanke zumunci da gida har mu manta farashin buhun masara a Dawanau, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A wannan mujalla mun saba tattauna zaɓe da jam'iyyu, muna kukan rashin shugabanci. Amma kwamishinan gobe da manajan gobe suna zaune a wannan ɗaki, kuma halin da za su yi mulki da shi yanzu ake ƙera shi, a ofisoshin West Bay da filayen aikin Lusail. Allah Ya ba mu ikon ɗaukar mai kyau mu bar marar kyau, Ya mayar da mu gida lafiya da abin da zai amfani jama'armu.