TARIN HUKA TSAKANIN SHANU DA NAMAN DAJI: LABARIN INGILA

Jawabin malamin lakwal a taron ƙungiya

An ba mu izini mu yi magana bisa tarin huka na shanu. Duk wanda ya tafi bida, in Allah ya ba shi, saniya ya ke saye ya bar ma tsofaffi. Ita ce ajiyarmu, nononta ɗiyanmu ke sha. Za mu kai ku Ingila, sannan mu komo gida.

1. Cutar

Ƙwayar da ke kawo tarin huka, wadda mu ke ce ma mikrob a lakwal, wani likitan Jamus, Robert Koch, ya gano ta a 1882. Ta shanu ƴar'uwar ta mutane ce, kuma ta na kama awaki, raƙuma, naman daji, har mutum. Allurar BCG da ke bar ma jarirai tabo a hannu, daga ƙwayar shanu a ka yi ta bayan an karya ƙarfinta. Likitocin Faransa biyu, Calmette da Guérin, su ka yi aikin, an fara ba da ita a 1921.

Mugun halin cutar shi ne jinkiri. Saniya na iya ɗauke da ita wata da watanni, ko shekaru, ta na kiwo ta na ba da nono, alhali numfashinta na shafa ma garke. Rama da busasshen tari sai daga baya.

A shekarun 1930 mutum wajen 2,500 ke mutuwa kowace shekara a Birtaniya da tarin shanu, da yawa yara, ta hanyar ɗanyen nono. Sai a ka shiga dafa madara kafin a sayar, a na awon shanu, a na yanka masu cutar. Ta yi sauƙi sosai, amma a kudu maso yammacin Ingila ta ƙi ƙarewa. A 1971, a yankin Gloucestershire, a ka same ta cikin gawar wani naman daji.

2. Naman dajin

Faransawa na ce mishi blero, Ingilishi na ce mishi baja. Ɗan'uwan dage ne, gajere, mai nauyin kilo 10 zuwa 12, fuskarshi da zane fari da baƙi. Su na zama dangi dangi cikin ramu. Da dare su ke fita, kuma babban abincinsu tana, wadda ta fi yawa a makiyayar shanu. Kowane dangi da iyakarshi. A bakin iyaka su ke tona ƴan ramun kashi, nan kuma su ke faɗa da maƙwabta.

3. Yadda ta ke wucewa

Cikin rami su na shaƙar numfashin juna, a wurin faɗa su na cizon juna. Wanda cutar ta ci ƙarfinshi ya na zubar da ƙwayar cikin majina, fitsari, kashi da mugunyar miki. Ƙasarsu da sanyi da laima, ƙwayar na yin makonni ko watanni ba ta mutu ba. Da safe saniya ta zo ta sunsuni wurin, ta ci ciyawar. Baja kuma na shiga rumbun abincin shanu, ya na sa baki a kwamin ruwa.

A 2016 masu bincike su ka ba da labarin wani aiki a Cornwall. Sun ɗaura ma shanu da baja na'ura a wuya mai nuna inda kowa ya bi. Sai a ka ga baja na son makiyaya amma ya na gudun shanu, ba su haɗuwa baki da baki. Ke nan ƙasa da ruwa da abinci su ne ƴan aike.

Hanyar kuwa biyu ce. Baja na birkita kashin shanu don neman tana da buzuzu, shi ma ya kwasa. Wani awo na 2019 a Woodchester ya nuna a wurin baja ya fi ba shanu bisa yadda shanu ke ba shi, amma abin da ya fi duka yawa shi ne saniya ta ba saniya, baja ya ba baja. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2001 ciwon baki da kofato ya sa an kashe bisashe miliyoyi, an dakatar da awon tari. Da makiyaya su ka sayo sababbin shanu, tarin ya bi su cikin mota zuwa inda ba a san shi ba.

4. Kashe baja

Daga 1998 zuwa 2005 gwamnati ta gwada kisan a wasu yankuna. Cikin yankin, cutar shanu ta ragu da wajen kashi 23 cikin 100. A gefenshi ta ƙaru da wajen kashi 25. Dalili: waɗanda su ka tsira sun watse, sun kai cutar gaba. Har yau masana na gardama bisa wanga lissafi. A 2013 an koma kisa. A 2024 gwamnati ta ce cikin shekara 10 an kashe baja fiye da 230,000, an yanka shanu fiye da 278,000, za ta bar kisan ta koma ga allura. A can a na biyan makiyayi diyya, amma a na hana shi saida shanunshi sai awo ya wanke garken.

5. Mu komo gida

Baja irin nasu babu shi nan, kuma ranarmu na kashe ƙwayar a fili. Amma cutar na nan: likitocin bisashe na samun ta a huhun shanu a mayanka, har ta Yamai. Mu kuwa babu mai biyan mu diyya. Inda za mu duba shi ne kwamin rijiya, tabkin da kowa ke sha, turken cikin gida, da kasuwa. Ga roƙonmu:

Na ɗaya, a tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita. Tsami bai isa ya kashe ƙwayar ba. Iyayenmu mata, wanga a hannunku ya ke.

Na biyu, kada araha ta ja mu ga ramammiyar saniya mai tari. Sabuwar saniya a ɗaure ta daban, a kira likitan bisashe. Awon allura ce a fata, a na duba wurin bayan kwana 3.

Na uku, in an yanka an ga ƙulle-ƙulle masu ɗiwa a huhu, a nuna ma likita. Kada a ci, kada a jefa ma karnuka.

Na huɗu, mai tarin da ya wuce sati 2, ko yaro mai kumburin wuya da ya ƙi sacewa, a kai shi asibiti. Akwai magani, amma sai an sha shi aƙalla wata 6 ba fashi.

Shawararmu ga ƙungiya: duk wanda zai aiko kuɗin saniya, ya haɗo da kuɗin kiran likita. Mun bar ma dattawa su duba.

Allah shi ba mu lafiya, mu da bisashenmu.